Sandar Bishop Ta Bar Levenshulme

Ranar Asabar da hantsi labarin ya fasu: sandar tsohon Bishop ta yi ɓatan dabo daga coci. Kafin azahar kuwa, duk wani mai jin Hausa a kan Stockport Road, nan unguwar Levenshulme ta Manchester, ya riga ya san ɓarawon, ya yanke masa hukunci, saura kawai a zo a tafi da shi. Mutanenmu ke nan, Allah ya bar mu tare.

Cocin na Turawan unguwa ne, amma an daɗe da ba 'yan Arewacin Nijeriya aronsa suna sujada da Hausa ranar Lahadi da rana. A wani lungu nasa akwai mutum-mutumin dutse na wani bishop na zamanin da, kwance, hannaye a ƙirji, da sandarsa mai lanƙwasasshen kan tagulla. An ce wani mai masaƙa ne ya sayo su daga wani kango ya ba cocin kyauta. Da aka fara gyaran rufi, sai aka fitar da sandar daga akwatin gilashinta, aka naɗe ta da farin ƙyalle aka ɗora a kan mutum-mutumin. Ranar Juma'a da rana tana nan, Asabar da safe sai ƙyallen kaɗai.

Wanda bakin kowa ya faɗa kansa Jedidiah ne, saurayin da ke kaɗa musu jita, saboda shi ke riƙe da makullin ƙaramar ƙofar da ke bayan mutum-mutumin. Aikin kula da tsofaffi yake yi, kuma visa ɗinsa a jikin aikin take. In 'yan sanda suka kama shi, aiki ya tafi, zaman Ingila ya bi bayansa. Rabaran Ashworth, matar da ke shugabantar cocin, ta ce za ta jira har a tashi sujadar Lahadi. In ba a ga sanda ba, dole ta kira su.

Shi ya sa Clara, gwaggon Jedidiah, ta buga wa ƙawarta Safara'u waya tana kuka.

Safara'u likitar ƙafa ce, GP-GP, wato likitocin unguwar, duk gare ta suke turo masu ciwon suga da masu ƙusoshin da suka nutse. Amma tun kafin ta san ƙofar uni, wato jami'a, ta san ƙafa. Mahaifinta mai bin sawu ne a ƙauyensu can Zamfara, shi ake tasowa in an kore shanu, ita kuma tun tana ƙarama take biye da shi da goran ruwa, tana kallon abin da yake kallo. Har yau ƙafar mutum take fara gani kafin fuskarsa. Mijinta kan ce da za a tambaye ta kamanninsa, lambar takalminsa za ta faɗa.

Ta tarar da coci cike, ana ta cacar baki. Wanda muryarsa ta fi tashi Gimba Kambai ne, shugaban ƙungiyar 'yan gida, wanda hotonsa ke manne a tagogin shaguna yana neman kujerar council, wato kansila. Yana cewa kada yaro ɗaya ya zubar musu da mutunci a idon Turawa, a miƙa shi tun da wuri a huta. Safara'u ta gaishe shi, idonta a ƙasa yadda ta saba. Takalmin fata mai tsini, ƙafar hagu na buɗewa waje, dugadugin ya cinye ta gefe ɗaya. Ba don komai ta lura ba, hali ne.

Sa'ar da aka yi, Rabaran ta sa igiya ta tare lungun, ƙurar siminti kuwa ta kwanta a daɓen fari fat kamar an barbaɗa gari. Gimba ya biyo ta yana yi mata bayani. Ga sawu layi biyu, in ji shi, duka sun fuskanci mutum-mutumin, babu ko ɗaya da ya fuskanci waje. Ke nan mutum ya shiga sau biyu ta gaba, ya fice ta ƙaramar ƙofa, inda leburori suka shimfiɗa katako. Makullin kuwa an san hannun da yake.

Safara'u ta matsa bakin igiyar. Ta tattare gyalenta, ta tsuguna, ta kwantar da fitilar wayarta a ƙasa don haske ya bi ta gefe, yadda babanta ke jiran rana ta karkata. Ta daɗe a haka har mutane suka fara gajiya da ita.

Mai sawun ba takalmi a ƙafarsa, safa ce. Kuma layin na biyu ba shiga ba ne. Mai tafiya gaba, diddigensa ke fara sauka, yatsu su tura ƙura baya. A nan yatsu ne suka fara taɓa ƙasa, takun gajere, ana jan ƙafa. Mutumin da baya-baya ya fita, ta inda ya shigo. Ko kusa da ƙaramar ƙofa bai je ba.

Ta bar abin a cikinta. Ɓarayin shanu ma sukan yi wannan dabara don su ruɗa mai binsu, kuma in mai dabarar yana cikin taron nan, ba ta so ya san ta gane.

Ta sami Jedidiah a ɗakin kayan kiɗa, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce Juma'a aikin safe ya yi, da rana yana barci a flat ɗinsa a Ardwick, shi kaɗai, ba mai shaida. Ta sa ya cire takalmi. Tafin ƙafarsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, mai sawun kuwa tsakiyar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Amma ta san wannan ba zai hana a kai shi ofishin 'yan sanda ba, kuma kai shi ɗin kaɗai ya isa ya raba shi da aiki.

“Anti, ko taɓa ta ban taɓa yi ba,” in ji shi. “Tsoronta ma nake ji.”

Da ta tambaye shi wa ya damu da sandar nan, sai ya ce akwai Zayd, wani ɗalibin tarihi. Watan jiya an gayyato shi ya yi musu lacca a kan Bishop ɗin, ya kuwa ce abu irin wannan a gidan tarihi ya kamata ya zauna, ba a coci mai yoyo ba.

Yawwa, in ji Safara'u a ranta. Mai karatu, mai ra'ayi, mai wayon fita da baya.

Ta sami Zayd a wani shagon shayi kusa da uni. Haifaffen Manchester ne, Hausarsa na ɗingishi, Turancinsa na gudu. Ko zama ba ta yi ba ta san ta yi asarar kuɗin bas: ƙafarsa ta dama na cikin takalmin asibiti, ya karye a wajen ƙwallo tun makonni. Ta zauna dai, don kunya, ta ce ya ba ta labarin Bishop.

Kai, yaron ya san abinsa. Ya ce ta daina kallon bishop na wancan zamani kamar limamin unguwa. Hakimai ne. Suna da ƙasa, da ganuwa, da mayaƙa, da kotu. Wasunsu su ne waziran sarki, hatimin mulki a hannunsu yake. Sarakuna da Paparoma sun shekara da shekaru suna rigima a kan wa zai miƙa wa bishop sanda da zobe, domin wanda ya miƙa, shi ke da mutumin. Wannan na Levenshulme ma, in ji shi, ba waliyyi ba ne: an ce ya tatsi talakawa, ya naɗa sarki ya kuma taya tuɓe shi. Amma akwai labari guda da ake bayarwa a kansa, wanda shi Zayd bai iya tabbatarwa ba, yana dai son sa. Wata mata ta gudo daga wani babban basarake ta faɗa gidansa. Da mayaƙan basaraken suka iso, Bishop bai fito da nasa ba. Sandarsa kawai ya gicciye a bakin ƙofa, ya koma ciki ya ci gaba da cin abincinsa. Aka rasa wanda zai tsallake ta.

“Ikon da yake danne mutane da shi, da shi ya kare ta,” in ji Zayd. “Shi ne abin da ke burge ni, yake kuma ba ni haushi.”

Ta tambaye shi ko ya ba da wannan labarin a laccarsa. Ya yi dariya ya ce sosai ma. Har wani tsoho ya tare shi a ƙofa ya sa ya maimaita, yana tambaya ko da gaske ba wanda ya tsallake.

Safara'u ta buɗe hotunan da ta ɗauka a wayarta, ta ƙara girman na gaban mutum-mutumin. Ga su nan, tabo biyu zagayayyu da ta ɗauka leburori ne suka ajiye bokiti. Gwiwoyi ne. Haushin kanta ya kama ta, ta ji da babanta na da rai da ya ja mata kunne. Ɓarawo mai dabara ba ya durƙusawa. Wannan ya tuɓe takalmi a bakin lungu, ya shiga, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗauki sanda, ya fita bai ba Bishop baya ba. Ladabin fada ne.

Ta kira Clara ta tambaye ta wa ke cikinsu da ya taso a gidan sarauta. Clara ba ta ko yi tunani ba. Baba Kambai mana, mahaifin Gimba. Ya tsufa yana hidima a fadar sarkin garinsu a kudancin Kaduna kafin ɗansa ya kawo shi Ingila, har Rabaran ma da baya-baya yake fita daga ofishinta, yara na yi masa dariya. Ai tun Juma'a ya tafi Birmingham wajen surukarsa Nanret, matar Gimba, wadda aka ce ta je hutu da yara. Clara ta rage murya ta ce hutun dai ya yi tsawo, kuma ranar da Nanret ta zo coci na ƙarshe, tabarau ta sa, alhali ana ruwa.

Da la'asar Safara'u ta sauka a Birmingham, ta hau bas zuwa Handsworth, da adireshin da Clara ta samo mata. Gidan na cikin jerin tsofaffin gidajen nan masu manne da juna, da ɗan fili a gaba wanda ruwan sama ya mayar taɓo. Ba ta ƙwanƙwasa ba tukuna, sai da ta karanta filin.

Takalmi mai tsini, ƙafar hagu a buɗe, dugadugi ya cinye ta gefe. Ya shigo da manyan taku, irin na mai fushi, bai ma bi ta kan duwatsun hanya ba. Ya zo daf da dakalin ƙofa ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, don sawun ya nutse, ya kuma yi ta sauya ƙafa. Daga nan ya juya ya koma, takun ya ragu. Sawun Gimba ne, kuma bai shiga gidan ba.

Nanret ce ta buɗe, da tsohon tabo a ƙarƙashin ido. A ƙasa, a bakin ƙofar, daga wannan gini zuwa wancan, sandar Bishop ce a gicciye, kan tagullar na sheƙi. Can cikin zaure wani tsoho na zaune a kujera, da safa a ƙafarsa.

Safara'u ta rasa yadda za ta yi da ƙafarta. Ita Musulma ce, sandar ba ta addininta ba ce, amma wallahi ba ta iya tsallakewa ba. Ta durƙusa daga waje ta gaishe shi. Baba Kambai ya dube ta, ya taso da ƙyar, ya ɗaga sandar da hannu biyu har ta shige, sannan ya mayar.

Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce Gimba ɗansa ne, shi ya haife shi, ya kuma san hannunsa. Ya yi masa faɗa, ya yi masa nasiha, ya kai ƙara wajen dattawan coci, duk suka ce a rufa asiri har zaɓe ya wuce. Ranar Alhamis ya ji Gimba a waya yana cewa ya gano gidan da Nanret ta ɓuya, zai je ya dawo da ita ko ta ƙi ko ta so. Shi tsoho ne, tura ɗaya ya isa ya kayar da shi. Nanret kuma ta hana a kira 'yan sanda saboda yara. Sai ya tuna labarin yaron nan mai lacca. A garinsu ma, in sarki ya aiko da sandarsa aka ajiye a ƙofar gida, magana ta ƙare, kuma a cikin wannan tarbiyya Gimba ya tashi.

“Na roƙi mai ita kafin in ɗauka,” in ji shi. “Na ce masa, ranka ya daɗe, ka taɓa yi wa wata, ka yi wa tawa. Aro na yi, 'yata.”

Ya ce Gimba ya zo jiya kafin magariba, ya buga, shi ya buɗe masa da kansa, ya koma ya zauna. Gimba ya dubi sanda, ya dubi ubansa, ya tafi.

Safara'u ta ji tsohon ya cika mata ido, har ta ji nauyin abin da ta zo da shi. Amma ta faɗa masa. Gobe bayan sujada za a miƙa Jedidiah, kuma wanda ya fi kowa matsawa a miƙa shi, shi ne mutumin da ya ga sandar da idonsa a wannan ƙofa.

Baba Kambai ya runtse ido. Bai san an ɗora wa kowa ba, ya ɗauka ƙyallen zai rufa masa asiri har Litinin. Yanzu in ya mayar da sanda, ƙofar Nanret ta zama fili. In ya bar ta, yaron mutane ya tafi. Ya yi ta murza gwiwarsa.

Nanret ce ta yanke. Ta ce ba za a kori ɗan wani daga ƙasa saboda ita ba.

“Baba, ku mayar musu,” ta ce. “Ni ma zan bi ku. Na gaji da ɓuya.”

Ranar Lahadi, da aka tashi sujada, ba wanda ya motsa. Rabaran Ashworth ta zo ta zauna a gaba da wayarta a cinya. Jedidiah na gefe, Clara riƙe da hannunsa. Zayd ma ya zo da sandunansa na asibiti, mutane na yi masa kallon tuhuma. Gimba ya miƙe ya fara jawabi a kan mutuncin al'umma.

Safara'u ta nemi izini ta kai su bakin igiya. Ta nuna musu layin shiga da layin fita, da wurin gwiwoyi. Ta ce ƙafar Jedidiah ba ta taka wurin nan ba, ta Zayd kuwa ga ta nan a ɗaure. Wanda ya shiga bai ɗauki Bishop gunki ba, bai ɗauke shi kayan tarihi ba, sarki ya ɗauke shi. Sannan ta juyo ta ce akwai wani sawun kuma da ta gani a Handsworth, na wanda ya san inda sandar take tun Juma'a. Ba ta kira suna ba. Takalminsa kawai ta kalla, mutane suka bi idonta.

Gimba ya buɗe baki ke nan sai ƙofa ta buɗe. Baba Kambai ya shigo da sandar a kan hannayensa biyu, Nanret na bayansa, ba tabarau.

Tsohon ya tsaya gaban Rabaran ya ce shi ya ɗauka, ya faɗi dalili, Clara na fassarawa. Ya ce in za a kira 'yan sanda, ga shi, a sakar masa yaron. Nanret ta ƙara nata, kalmomi kaɗan, ba kuka. Kafin ta rufe baki matan zumuntar cocin sun taso ɗaya bayan ɗaya sun tsaya kewaye da ita, har da waɗanda jiya suka fi kowa zagin Jedidiah. Dattawan da suka ce a rufa asiri suka sunkuyar da kai.

Rabaran Ashworth ta daɗe tana kallon sandar. Matar nan ba ta jin Hausa, amma ta san mulki, don ba a banza take zaune a kujerarta ba. Ta ce ita abin da ta gani, wani dattijon coci ya ari kayan coci bai sanar ba, ya kuma dawo da shi lafiya. Wannan magana ce tsakaninta da shi, kuma za ta yi masa faɗa ranar Talata. Ba ta ga sata ba. Ta juya ga Jedidiah ta ba shi haƙuri a gaban kowa, ta ce makullinsa na nan a hannunsa. Sannan ta ɗaga wayar ta dubi Nanret, ta ce akwai dai kiran 'yan sandan da ya kamata a yi yau, in ta yarda, kuma ita za ta zauna kusa da ita har a gama. Nanret ta gyaɗa kai.

Gimba ya dubi jama'a yana neman ido ɗaya da zai tsaya masa, bai samu ba. Ya fice da sauri, ƙafar hagu na buɗewa waje.

Jedidiah kuwa kuka ya ƙwace masa, irin na wanda aka sauke wa kaya. Baba Kambai ya je gabansa zai durƙusa ya roƙi gafara, saurayin ya yi wuf ya tare shi, ya ce Allah ya kiyaye, Baba.

Rabaran ta kwance igiyar da kanta. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya ɗauki sandar, amma tafiyar kwana biyu ta ci ƙarfinsa, ya yi taga-taga. Jedidiah ya zare nasa takalmin ya riƙe masa gwiwar hannu. Suka shiga tare, suka ajiye, Baba ya yi godiyarsa a hankali. Da za su fito saurayin ya fara juyawa, tsohon ya ɗan matse masa hannu, sai ya gane.

Bayan kowa ya watse Safara'u ta tsaya a bakin lungun, ta kwantar da fitilar wayarta a ƙasa, don hali ba ya barin mai shi. Sababbin sawu ne a kan ƙurar, na tsoho da na yaro mai shimfiɗaɗɗen tafi, kafaɗa da kafaɗa, duka suna fuskantar Bishop. Na yaron ya karkace, ya yi tuntuɓe sau da yawa, don bai taɓa tafiya da baya ba. Amma har bakin ƙofa bai juya ba.